Yadda shinkafa ke kare kanta daga bakteriya, da labarin garkuwar da aka samo a Mali

Idan manomin shinkafa ya shiga gona a tsakiyar damina ya tarar bakin ganye ya jiƙe kamar an watsa masa ruwan zafi, bayan 'yan kwanaki ya koma ruwan ɗorawa, daga baya ya bushe ya yi fari, to mai yiwuwa cutar ƙunar ganye ce ta shigo masa. Wata bakteriya ce ke haddasa ta, wadda masana ke kira Xanthomonas oryzae. Manoman yankin Fukuoka na ƙasar Japan ne suka fara lura da ita a shekarar 1884, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1970 aka tabbatar da ɓullarta a Afirka ta Yamma, inda aka same ta a Mali, Senegal, Nijar, Najeriya da Burkina Faso.

Babu maganin feshi da za a dogara da shi ya warkar da gonar da cutar ta riga ta kama. A mafi yawan lokuta, abin da ke raba gonar da ta tsira da wadda ta ƙone shi ne garkuwar da ke cikin irin da aka shuka. Saboda haka sanin yadda wannan garkuwa ke aiki yana taimakawa wajen fahimtar muhawarar da ake yi a yau kan ingantaccen iri, da rumbunan ajiye iri, da kuma wanda ke da haƙƙin mallakar abin da ke cikinsu.

Tsiro yana da garkuwar jiki?

Yana da ita, amma ta sha bamban da ta mutum. A jikin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyin jini da ke yawo suna farautar cuta, kuma jiki yakan koyi sabon maƙiyi ya riƙe kamanninsa, wanda shi ne tushen allurar rigakafi. Tsiro ba shi da jini, ba shi da ƙwayoyin da ke tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kowace ƙwayar halitta, wato ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jikin tsiro da miliyoyin irinsa, tana kafe wuri guda a cikin bangonta, kuma ita ce mai gadin kanta.

Bambanci na biyu ya fi nauyi. Tsiro ba ya ƙera sabuwar na'urar gane cuta a tsawon rayuwarsa. Abin da zai iya ganewa an riga an rubuta shi a ƙwayoyin gadon da ya samo daga iyayensa. Idan irin da aka shuka bai gaji hanyar gane wata bakteriya ba, ba zai koye ta a gona ba, komai yawan takin da aka zuba masa.

Duk da haka, rashin lafiya ba ita ce al'adar tsiro ba. Ƙasa da iska da ruwa cike suke da bakteriya iri-iri, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke iya cutar da wani tsiro na musamman. Saura duk ana tare su tun daga bakin ƙofa.

Ta ina bakteriya ke shiga?

Ganye yana lulluɓe da wata fata mai kakin zuma-zuma da ke hana ruwa shiga, kuma kowace ƙwayar halitta tana da bango mai tauri. Bakteriya ba ta iya huda waɗannan da ƙarfin kanta. Sai dai ta nemi ƙofar da ke buɗe: ƙananan ramukan da ganye ke numfashi ta cikinsu, ko raunin da iska, ƙwari ko hannun mutum suka yi, ko kuma ƙofofin da ke gefen ganye inda ɗigon ruwa ke tsattsafowa da asuba.

Bakteriyar ƙunar ganye ta fi bin waɗannan ƙofofi na gefen ganye da kuma raunuka. Da ta shiga sai ta gangara cikin jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa sama, ta hayayyafa har ta toshe su. Wannan ne ya sa ganyen ke bushewa alhali gindin shinkafar yana tsaye cikin ruwa. Haka kuma shi ya sa cutar ke ƙaruwa bayan ruwan sama mai iska, lokacin da ganyaye suka goggogi juna, da kuma a wuraren da ake datse kan ganyen dashe kafin a dasa shi. Malaman gona suna da gwaji mai sauƙi: a yanke ganyen da ake zargi a tsoma bakin yankan cikin ruwa mai haske. Idan cutar ce, za a ga wani farin gurɓi yana fitowa kamar hayaƙi, wanda tarin bakteriyar ne.

Ko ramukan numfashin ma ba a sake suke ba. A shekarar 2006 masu bincike a Amurka suka nuna cewa ganye yakan rufe su idan ya ji alamar bakteriya a kansa. Sun kuma gano cewa wani nau'in bakteriya mai suna Pseudomonas syringae, wanda ke kama tumatir, yana fitar da wani sinadari da ke kwaikwayon saƙon cikin jikin tsiron, ya sa ramukan su sake buɗewa.

Mataki na farko: gane baƙo daga waje

A jikin fatar kowace ƙwayar halitta akwai wasu furotin da kansu ke waje, gindinsu na ciki. Aikinsu shi ne jin alamar duk abin da ba na gida ba. Alamun da suke nema sassa ne da bakteriya ba za ta iya rayuwa ba tare da su ba, don haka ba ta iya zubar da su cikin sauƙi ta ɓoye kanta.

Misalin da aka fi nazari shi ne jelar da bakteriya ke iyo da ita. A shekarar 2000, a ɗakin binciken Thomas Boller da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, aka gano furotin mai suna FLS2, wanda ke gane wani ɗan guntu na furotin ɗin da aka yi jelar da shi. Da zarar guntun ya taɓa shi, cikin mintuna kaɗan sinadarin kalsiyam yake kwarara cikin ƙwayar halittar, ta fara fitar da sinadarai masu ƙuna da ke raunana bakteriya, ciki har da irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a asibiti. Bayan sa'o'i sai ta ƙara wa bangonta kauri a daidai wurin da aka taɓa ta, ta kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke haɗa makaman kariya, ta kuma rage abincin da ke zuba a sararin da baƙon yake.

Ba kowane dangin tsiro ne ke da cikakken jerin waɗannan masu gadi ba. Akwai ɗaya mai suna EFR da ake samu a dangin kabeji, babu shi a dangin tumatir. A shekarar 2010 masana a Birtaniya suka ɗauke shi suka sanya wa tumatir, sai tumatirin ya ƙara juriya ga bakteriya iri daban-daban. Wannan ya nuna cewa kayan faɗan suna nan a jikin tumatirin tun farko, idon da zai ga maƙiyin ne ya rasa.

Martanin bakteriya: allura da satar sukari

Bakteriyar da ta zama cuta ita ce wadda ta samo hanyar kashe wannan ƙararrawa. Da yawa daga cikinsu suna da wata siririyar na'ura mai kama da allura, wadda suke sokawa ta cikin bango su ɗura furotin nasu kai tsaye cikin ƙwayar halittar tsiro. Nau'in Pseudomonas da aka fi bincike a kai yana ɗura kusan iri talatin. Wasu suna lalata masu gadin waje, wasu suna katse saƙon kafin ya isa inda za a yi aiki da shi.

Dangin Xanthomonas suna da wata dabara ta daban. Daga cikin abin da suke ɗurawa akwai furotin da ake kira TAL, waɗanda ke wucewa har cibiyar ƙwayar halitta, su nemi wani takamaiman wuri a jerin gadon shinkafa su zauna a kai, su kunna ƙwayar gadon da ba ta kamata ta kunnu a lokacin ba. Waɗanda suka fi kunnawa su ne na rukunin SWEET, masu buɗe ƙofar fitar da sukari daga ƙwayar halitta. Sukarin da ya kamata ya tafi cika zangarniya sai ya zube inda bakteriya take, ta ci ta ƙara yawa. An gano cewa 'yar'uwarta mai haddasa ƙunar ganyen rogo ita ma haka take yi.

A shekarar 2009 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya a birnin Halle na Jamus, ɗaya a jihar Iowa ta Amurka, suka warware yadda furotin TAL ke karanta jerin gado. Tun daga lokacin ake iya duba makamin bakteriya a faɗi wurin da zai zauna a jikin shinkafa.

Mataki na biyu: masu gadi na ciki

Tsiro yana da amsar wannan ma. A cikin ƙwayar halitta akwai wani rukunin furotin da ke sa ido kan abin da bakteriya ta ɗura. Wasu suna kama furotin ɗin baƙon kai tsaye. Wasu kuma gadin furotin na gida suke yi, da zarar an taɓa shi ko an sauya masa kama sai su tashi. Ta haka makamin da bakteriya ta shigo da shi don ɓoye kanta yakan zama shi ne ya tona mata asiri.

Martanin wannan mataki ya fi na farko tsanani da daɗewa. Sau da yawa ƙwayoyin halittar da ke kewaye da wurin da bakteriya ta shiga sukan mutu da gangan cikin kwana guda, su bar wani ɗan busasshen tabo a ganye. Bakteriyar, wadda ke buƙatar rayayyen nama a farkon shigarta, sai ta maƙale a wurin. Ganye ya yi asarar ɗigo guda, sauran jiki ya tsira.

Tun kafin a san komai game da waɗannan furotin, wani masani Ba'amurke mai suna Harold Flor ya hango tsarin a shekarun 1940, lokacin da yake nazarin cutar tsatsa a kan filaks, tsiron da ake yin zaren lilin da shi. Ya lura cewa juriya tana bayyana ne kawai idan wata ƙwayar gado a jikin tsiro ta yi daidai da wata ƙwayar gado a jikin cutar, kamar ƙulli da mabuɗinsa. Idan ɗaya ta ɓace, cuta ta kama. Sai a shekarar 1993 aka fara ware irin wannan ƙwayar gado ta juriya ga bakteriya, daga jikin tumatir. A 2019 kuma masana a birnin Beijing na ƙasar Sin suka nuna hoton ɗaya daga cikin masu gadin na ciki bayan ya tashi: guda biyar ne ke haɗuwa su yi da'ira kamar ƙafar keke, su kafu a fatar ƙwayar halitta. Daga baya aka tabbatar da cewa ƙofa suke buɗewa don kalsiyam ya kwarara ciki. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa matakan biyu ba a ware suke aiki ba, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa.

Gargaɗi ga sauran jiki, da tsadarsa

Ganyen da aka kai wa hari yakan aika saƙo ta jijiyoyi zuwa sauran ganyaye, su zauna cikin shiri na tsawon kwanaki ko makonni. Wani masani mai suna Frank Ross ne ya bayyana haka a shekarar 1961 a kan ganyen taba. Jigon wannan shiri shi ne sinadarin salisilik, ɗan'uwan wanda ake yin ƙwayar asfirin da shi. Shirin bai keɓanta ga cuta guda ba, yana rage ƙarfin hare-hare iri-iri, sai dai yakan dushe da tafiyar lokaci.

Zama cikin shiri yana cin ƙarfi. Tsiron da garkuwarsa ke kunne dare da rana yakan tsumbure, amfaninsa ya ragu, domin abincin da zai yi girma da shi ya tafi wajen tsaro. Wannan ne ya sa masu haɗa iri ba sa neman tsiron da ke faɗa kullum. Wanda suke nema shi ne mai gane maƙiyi da wuri, ya tashi a daidai lokacin da ya dace.

Zafin yanayi ma yana da tasiri. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙarin zafi na 'yan digiri kaɗan yana rage salisilik ɗin da tsiron gwaji ke samarwa. A shinkafa kuwa an lura cewa ƙwayar gadon juriya mai suna Xa4 tana rauni idan zafi ya ƙaru, yayin da wata mai suna Xa7 ke ƙara ƙarfi. Ga mai noma a Kebbi, Jigawa ko gaɓar kogin Kwara a Nijar, ma'anar wannan ita ce irin da ya yi juriya a wata ƙasa ba lallai ya yi a gonarsa ba sai an gwada shi a nan.

Shinkafar daji ta Mali

A fadamu da gefen koguna na Afirka akwai wata shinkafar daji mai suna Oryza longistaminata. Tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, tana da wuyar kashewa, kuma manoman shinkafa da dama ciyawa ce kawai a wurinsu. A yankin Timbuktu al'ummar Bela sun daɗe suna tara tsabarta don abinci.

Wani samfurinta da aka ɗebo daga Mali ya isa wata cibiyar binciken shinkafa a Indiya, inda a shekarun 1970 aka lura cewa ƙunar ganye ba ta cin sa. Daga nan aka kai shi Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifins. A can Gurdev Khush da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna haɗa shi barbara da shinkafar gida har suka tabbatar cewa ƙwayar gado guda ce ke ba da juriyar, suka sa mata suna Xa21. A shekarar 1995 Pamela Ronald ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ware ta, aka ga cewa mai gadin waje ce, irin waɗanda ke zaune a fatar ƙwayar halitta.

Gano abin da take gani a jikin bakteriya ya ɗauki wasu shekaru ashirin, har da tuntuɓe a hanya. A 2009 ɗakin binciken Ronald ya sanar da amsa, daga baya su da kansu suka gano kuskure a gwajin, suka janye takardar a 2013. A 2015 suka dawo da amsar da ta tabbata: wani ɗan ƙaramin furotin ne mai suna RaxX da bakteriyar ke fitarwa.

A yau Xa21 tana cikin nau'o'in shinkafa da ake nomawa a Asiya. A Indiya an haɗa ta da wasu ƙwayoyin juriya biyu a cikin wata shinkafa da masu saye ke so, aka fitar da ita a 2008 da sunan Improved Samba Mahsuri. An yi hakan ne ta barbara irin ta al'ada, tare da gwajin ɗakin bincike don zaɓo 'ya'yan da suka gaji abin da ake nema.

Me ya sa garkuwa ke karyewa?

Bakteriya tana hayayyafa cikin sa'o'i, kuma a cikin biliyoyinta ba a rasa wadda ta ɗan sauya. Idan aka shuka iri guda mai ƙwayar juriya guda a faɗin yanki, duk bakteriyar da ta yi sa'ar zubar da alamar da ake gane ta da ita za ta samu fili ita kaɗai. Haka ta faru a Filifins, inda aka dogara da Xa4 tun daga shekarun 1970 har nau'o'in da ke iya ƙetare ta suka mamaye. Ita ma Xa21 an samu nau'o'in da suka sauya RaxX ɗinsu suka kuɓuce mata.

Saboda haka ne ake tara ƙwayoyin juriya biyu ko uku a iri guda, domin da wuya bakteriya ta ƙetare su duka a lokaci ɗaya. Wata hanyar ita ce rufe ƙofar satar sukari. A 2019 wata tawagar masana daga ƙasashe da dama ta yi amfani da fasahar gyaran gado ta CRISPR ta sauya wuraren da furotin TAL ke zama a kai, ba tare da ta lalata aikin SWEET na yau da kullum ba, sai shinkafar ta jure wa nau'o'in bakteriyar masu yawa.

Ana kuma buƙatar sanin maƙiyin da ke ƙasa. Nau'o'in bakteriyar na Afirka sun bambanta da na Asiya a makaman da suke ɗauke da su. A 2019 cutar ta ɓarke a Tanzaniya, kuma da aka bincika sai aka ga nau'in ya fi kama da na Asiya, abin da ke nuna hatsarin shigo da iri ba tare da tantancewa ba.

Wa ke da haƙƙin abin da aka samo?

Jami'ar Kalifoniya ta yi rajistar mallakar fasaha kan Xa21 bayan an ware ta. Tambayar da ta biyo baya ita ce: ina rabon Mali? A 1996 jami'ar, bisa shawarar Ronald, ta kafa wani asusu da nufin ware kaso daga kuɗin da fasahar za ta kawo don ɗaukar nauyin karatun ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa, musamman Mali. Lamarin ya zama ɗaya daga cikin misalan da ake yawan kawowa a muhawarar raba moriyar albarkatun gado.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan bambancin halittu ta 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ce ke da iko kan albarkatun gadon da ke cikinta, kodayake Amurka ba ta tabbatar da ita ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta fayyace ƙa'idojin neman izini da raba moriya. Sai dai yanzu ba dole ba ne a ɗauki tsaba a ƙetara iyaka da ita, tunda jerin gadon ana sauke shi daga intanet. Wannan giɓi ne ya sa a taron birnin Cali na Kolombiya a 2024 aka amince da kafa asusun da kamfanonin da ke cin moriyar irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kuɗi a ciki.

A Najeriya, muhawarar iri ta fi karkata ga amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, tun bayan amincewa da waken da ke jure wa tsutsa a 2019 da masarar TELA da aka fitar a 2024. Waɗannan biyun ba su shafi bakteriya ba. Labarin Xa21 yana nuna cewa akwai tambayoyin da ke gaba da wannan muhawara, ko wane ɓangare mutum yake. Juriya ana samo ta ne daga tsofaffin irin gargajiya da danginsu na daji, waɗanda ke ɓacewa idan fadama ta bushe ko kowa ya koma iri ɗaya. Ajiye su aiki ne na cibiyoyi irin su cibiyar adana albarkatun gado ta ƙasa da ke Ibadan. Gwada su a kan bakteriyar da ke gonakinmu kuma aiki ne na wurare irin su Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja, da cibiyar INRAN a Jamhuriyar Nijar. Ayyuka ne da ke ɗaukar shekaru, kuma kasafin kuɗi ne ke riƙe da su.

A matakin gona, abin da aka sani yana rage ɓarna bai da yawa amma tabbatacce ne: shuka iri mai juriya daga hannun da aka amince da shi, kauce wa zuba takin yuriya fiye da kima domin yana sa ganye laushi ya sauƙaƙa wa cutar, daina datse kan dashe, hana ruwa gangarowa daga gonar da ta kamu zuwa mai lafiya, da kawar da kututturan shinkafa da ciyayin da bakteriyar ke fakewa a ciki tsakanin damina da noman rani.